Wankin Ƙoda a Gida: Hanyar da Ya Kamata a Riƙa Faɗa wa Majinyatanmu

 Idan aka ambaci wankin ƙoda a ƙasar Hausa, hoto ɗaya ne ke faɗo wa kowa a rai: majinyaci kwance a gadon asibiti, inji a gefensa yana zuƙar jini yana mayarwa, 'yan uwa kuma a waje suna lissafin abin da za a sayar kafin zuwa na gaba. Mutane da yawa sun ɗauka wannan ita ce kaɗai hanyar da ta rage wa wanda ƙodarsa ta gaza, in ban da dashe. Alhali akwai wata hanyar da likitoci suka sani kusan shekara hamsin, wadda majinyaci ke yi wa kansa a ɗakinsa, ba inji, ba allura, ba ma lallai sai da wutar lantarki ba.

Ra'ayina a kan wannan batu a fili yake. Duk wanda aka ce masa ƙodarsa ta gaza yana da haƙƙin a zaunar da shi a bayyana masa dukkan hanyoyin da ke akwai, har da na gida, tare da amfanin kowace da haɗarinta. Kuma abin da ya hana wankin gida yaɗuwa a wurinmu matsala ce ta kayan aiki da tsari, wadda hukuma za ta iya magancewa in ta sa kanta. Zan kawo maka hujjojina, kuma ba zan ɓoye maka wahalar da ke cikin hanyar ba.

Me ake nufi da gazawar ƙoda?

Kowace ƙoda tana ɗauke da ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya. A kowace rana waɗannan matatai suna tace ruwan da ya kai lita 180 daga cikin jini, sannan su mayar wa jiki kusan dukkansa, abin da ke fita a matsayin fitsari bai wuce lita ɗaya da rabi zuwa biyu ba. Ta haka ne jiki ke rabuwa da dattin da abinci ya bari, da gishirin da ya yi yawa, da ruwan da ba a buƙata. Ƙoda kuma tana da hannu wajen daidaita bugun jini, da ƙarfin ƙashi, da samar da sinadarin da ke umartar ɓargo ya ƙera jini. Shi ya sa mai ciwon ƙoda kan yi fama da ƙarancin jini.

Hawan jini da ciwon suga su ne manyan masu lalata waɗannan matatai a hankali, sai kumburin matatan kansu, da cutar sikila, da yawan shan magungunan kashe ciwo barkatai, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba. Likitoci sun kasa ciwon ƙoda mai daɗewa mataki biyar. A mataki na biyar ƙarfin tacewa ya faɗi ƙasa da 15, a ma'aunin da mai lafiya ke da 90 ko fiye. A nan ne kumburin ƙafa da fuska, da amai, da ƙaiƙayi, da sarƙewar numfashi ke tsananta, sai a fara maganar wanki ko dashe. Ka riƙe wannan da kyau: wanki ba ya warkar da ƙodar da ta riga ta mutu. Yana ɗaukar wani ɓangare ne na aikinta, domin mutum ya ci gaba da rayuwa.

Nauyin da ke kan mai zuwa asibiti

Wankin da aka saba da shi na inji ne. Ana fitar da jini ta jijiya, a bi da shi ta cikin matatar roba, a mayar da shi jiki. Ƙa'idarsa sau uku a mako, kowane zama kimanin awa huɗu. In ka lissafa, zuwa 156 ke nan a shekara. A Nijeriya an fara wannan wanki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas a shekarar 1981, kuma yau akwai cibiyoyi a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Jami'ar Maiduguri. Sai dai kusan dukkansu suna cikin manyan birane ne, cutar kuwa ba ta zaɓi birni ba. Yankin Gashuwa a Jihar Yobe da yankin Haɗeja a Jigawa sun daɗe da yin suna wajen yawan masu ciwon ƙoda, kuma da yawansu manoma ne da masunta mazauna karkara.

A shekarar 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin zama ɗaya daga kimanin naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta. Wannan mataki ne da ya cancanci yabo. To amma mu yi lissafi tare. A tsohon farashi, mai bin ƙa'idar sau uku zai kashe naira 150,000 a mako. A sabon farashi zai kashe 36,000 a mako, wato fiye da naira miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas a shekara, kuma wannan kuɗin zama a kan inji ne kaɗai. Ba a sa kuɗin mota ba, da na ɗan rakiya, da abinci a hanya, da allurar ƙarin jini, da gwaje-gwaje, da ranakun aikin da suka salwanta. Rangwame yana rage kuɗin inji, amma ba ya rage nisan hanya.

Abin da ke biyo baya sananne ne a kowace cibiyar wanki. Mai sau uku ya koma sau biyu, daga nan sau ɗaya, daga nan sai ranar da numfashi ya sarƙe a kwaso shi cikin dare. Irin wannan wanki na jefi-jefi yana ƙarar da dukiyar iyali ba tare da ya ba majinyaci lafiyar da ake nema ba, domin datti da ruwa suna taruwa a jiki kowace rana, ba sa jiran ranar da kuɗi ya samu.

Yadda wankin gida yake aiki

A cikin cikin kowane mutum akwai wani siririn tantani da ya lulluɓe hanji da sauran kayan ciki, ya kuma shimfiɗu a bangon cikin ta ciki. Likitoci suna kiransa feritoniyam. Yana cike da ƙananan hanyoyin jini, kuma Allah ya yi shi da ƙofofi ƙanana ƙwarai waɗanda ruwa da datti ke iya ratsawa. Wannan tantani shi ake mayarwa matata. Don haka za mu kira hanyar wankin ƙoda ta tantani. Kada ka haɗa shi da abin da aka fi sani da wankin ciki, wanda ake yi da maganin gudawa ko bayan ɓari. Ba su da wata alaƙa.

Da farko likita zai yi ƙaramar tiyata ya sa siririn bututun roba mai laushi a ƙasan cibiya, rabinsa a ciki, ɗan guntu a waje wanda ake rufewa a ɓoye ƙarƙashin tufafi. Akan bar wurin ya warke kimanin mako biyu. Daga nan majinyaci zai riƙa haɗa bututun da wata leda mai ɗauke da ruwa na musamman, kimanin lita biyu ga babba. A rataye ledar a sama, ruwan ya gangara cikin ciki da kansa. Ruwan zai zauna awa huɗu zuwa shida, mutum yana harkokinsa. A wannan lokaci dattin da ke cikin jini yana ratsa tantani ya shiga ruwan, sukarin gulukos da ke cikin ruwan kuma yana janyo ruwan da ya yi wa jiki yawa. Idan lokaci ya yi, sai a ajiye wata leda marar komai a ƙasa, tsohon ruwan ya gangaro cikinta, a zuba sabo. Wannan canji yana ɗaukar minti 30 zuwa 40, kuma galibi sau huɗu ake yi a rana. Ga wanda ya saba da tsara yininsa bisa lokutan salla, tsarin ba baƙo ba ne: da asuba, da azahar, da magariba, sai na ƙarshe kafin kwanciya.

Akwai kuma wata ƙaramar na'ura da ke yin canjin da kanta cikin dare, awa takwas zuwa goma, mutum yana barci. Ita tana buƙatar wuta mai ɗorewa. Na hannu kuwa ba ya buƙatar komai sai ƙusa a bango da za a rataye leda, da tsafta.

Hanyar ba sabuwa ba ce

Wani zai ce ko gwaji ne ake son yi da talaka. Tarihi ya amsa wannan. Likitan ƙasar Holan, Willem Kolff, shi ya ƙera injin wanki na farko a shekarar 1943. A 1968 Henry Tenckhoff ya fito da bututun roba mai zama a ciki na tsawon lokaci, wanda har yau ake kira da sunansa. A 1976 Robert Popovich da Jack Moncrief a jihar Teksas ta Amurka suka bayyana tsarin barin ruwa a ciki ana canzawa sau da yawa a rana, sannan a birnin Toronto na Kanada aka sauya kwalabe da ledoji, abin ya yi sauƙin ɗauka.

Tun shekarar 1985 Hon Kon ta ɗauki manufar fara ɗora majinyata kan wankin tantani a asibitocin gwamnati, sai wanda lafiyarsa ta hana, kuma mafi yawan masu wanki a can a gida suke yi. Ƙasar Tailan ta bi sahu a 2008, lokacin da ta sa wankin ƙoda cikin inshorar lafiya ta kowa da kowa. Dalilinta shi ne irin namu: manoman karkara ba za su iya zuwa birni sau uku a mako ba, sai aka riƙa kai musu ledojin ruwa har gida. A nahiyarmu, asibitocin gwamnatin Afirka ta Kudu sun daɗe suna amfani da hanyar. Sudan kuma, mai zafi da ƙura irin namu, ta buɗe shirinta na ƙasa a Khartum a shekarar 2005. Ko a Nijeriya, likitocin yara a asibitocin koyarwa sun daɗe suna ceton yaran da ƙodarsu ta tsaya farat ɗaya ta hanyar tantani. Ilimin yana nan a hannun likitocinmu. Manya masu ciwo mai daɗewa da ke yin sa a gida su ne ƙalilan ƙwarai.

Abin da majinyaci ke samu

Na farko, 'yanci daga hanya. Maimakon zuwa asibiti sau goma sha biyu ko sha uku a wata, sai ya je sau ɗaya a wata ko ƙasa da haka domin a duba shi. Malamin makaranta zai koma aji, ɗan kasuwa ya koma rumfarsa, uwa ta zauna da 'ya'yanta. Magidancin da ya ci gaba da nema shi ne zai iya ci gaba da biyan magani.

Na biyu, wankin yana tafiya a hankali dare da rana, kusa da yadda ƙoda ke aiki. Inji yana cire ruwan kwana biyu ko uku cikin awa huɗu, shi ya sa wasu ke sauka daga gado da jiri, da faɗuwar jini, da murɗewar naman ƙafa, da gajiyar da ke cinye sauran yinin. Mai wankin tantani ba ya fuskantar irin wannan hawa da sauka, abin da ke da amfani ga mai raunin zuciya.

Na uku, ɗan ƙarfin da ya rage wa ƙoda yakan fi daɗewa a wannan hanya. Mutumin da har yanzu yake fitsari, ko da kaɗan ne, yana da jari mai daraja, domin wannan ɗan ragowar yana taimakon wanki ƙwarai.

Na huɗu, dokar abinci da ta shan ruwa ta fi sassauci, musamman game da sinadarin fotasiyam da ke cikin ayaba, da tumatir, da dabino, da dankali. Na biyar, ba a huda jijiya, jini ba ya fita daga jiki, don haka haɗarin ɗaukar ciwon hanta ta kayan aiki ya ragu. Game da tsawon rai kuwa, abin da likitocin ƙoda suka tabbatar shi ne hanyoyin biyu sun yi kusa da juna, in an yi kowace bisa ƙa'ida. Wankin gida ba maganin talakawa ba ne da aka rage wa inganci.

Haɗarin da dole ka sani

Babban abokin gabar wannan hanya shi ne shigar ƙwayoyin cuta cikin tantani. Duk lokacin da aka buɗe bakin bututu, an buɗe ƙofa zuwa cikin ciki. Mai canji sau huɗu a rana yana buɗe wannan ƙofa sau 1,460 a shekara, kuma sakaci ɗaya ya isa. Alamominsa uku ne: ruwan da ya fito ya yi gurɓi maimakon ya fito garau, ciwon ciki, da zazzaɓi. Duk wanda ya ga ruwa ya gurɓace, ko da babu ciwo, ya ɗauki ledar ya nufi asibiti a ranar. Kada ya jira gobe, kada ya tsaya kemis. In an zo da wuri, sau da yawa ana magance shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake zubawa cikin ledar. In an makara, ana iya cire bututun, tantanin ya lalace, rai ma yana iya salwanta.

Akwai wasu matsalolin. Sukarin da ke cikin ruwan yana shiga jiki, yana iya ƙara ƙiba, ya ɗaga sugan mai ciwon suga har sai an gyara masa magani. Sinadarin gina jiki yana fita tare da ruwan, don haka dole a riƙa cin ƙwai, da kifi, da nama gwargwadon shawarar likita. Nauyin ruwa a ciki yana iya haifar da ƙaba. Taurin bayan gida yana iya danne bututu ya hana ruwa fita. Bayan shekaru tantanin kansa yakan gaji, mutum ya koma inji ko ya sami dashe. Sannan akwai gajiyar zuciya, domin aiki ne na kullum da ba shi da hutun Juma'a ko na salla.

Kuma ba kowa ya dace da shi ba. Wanda aka yi wa manyan tiyatar ciki har hanjinsa ya manne, da mai ƙabar da ba a gyara ba, da mai ciwon hanji mai tsanani, inji ya fi musu. Wanda idonsa ko hannunsa ya yi rauni yana buƙatar mataimaki tsayayye wanda aka horar. Likitan ƙoda ne zai tantance.

Shin gidajenmu za su iya?

Wannan ita ce hujjar da aka fi kawowa: gidajenmu da ƙura, da cunkoso, da ƙarancin ruwa, mutanenmu kuma ba su yi karatu ba. Hujja ce mai nauyi, ban raina ta ba. Amma mu duba abin da ake buƙata a zahiri. Ana buƙatar ɗaki ko lungu mai ƙofa da taga da ake iya rufewa. A kashe fanka lokacin canji, domin iska tana tada ƙura, balle a lokacin hunturu. A fitar da yara da kyanwa da kaji. A sa takunkumi a rufe hanci da baki. A wanke hannu da sabulu da ruwa mai tsabta sosai, a busar da shi da abu mai tsabta. A goge faranti ko teburin da za a ɗora kaya. Kada yatsa ya taɓa bakin bututu. A duba ledar, a tabbata ba ta huje ba kuma lokacinta bai wuce ba. In za a ɗumama ta, kada a tsoma ta cikin ruwan zafi. A kula da wurin da bututu ya fito kullum, a guji wanka a rafi ko kududdufi.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar takardar makaranta. Suna buƙatar horo mai kyau, wanda ma'aikaciyar jinya kan bayar cikin mako ɗaya zuwa biyu, da bibiya a kai a kai. Al'ummar da yaronta ke koyon wanke gaɓoɓi bisa tsari da jeri tun yana ɗan shekara bakwai ba za a ce ba za ta iya koyon matakai goma na canjin leda ba. Matan da ke jinyar tsofaffi shekara da shekaru a cikin gida, su juya su, su wanke su, su ba su magani a kan lokaci, su ne ginshiƙin da wannan hanya ke nema. Akwai gidajen da gaskiya ba za su iya ba, kamar inda mutum takwas ke kwana ɗaki ɗaya. To a je a duba gidan a yanke hukunci a kansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yanke wa dukkan jama'a hukunci daga ofis, ba tare da an tambaye su ba, shi ne abin da nake ƙi.

Inji a gida fa?

Akwai nau'i na biyu na wankin gida, wato a kafa injin wankin jini a cikin gida. An fara shi a Amurka da Ingila tun shekarun 1960, kuma yana ba mutum damar yin wanki sau da yawa ko na tsawon dare, abin da ke gyara hawan jini sosai. Sai dai zama ɗaya na awa huɗu a kan injin da aka saba yana cin ruwan wanki kimanin lita 120, wanda dole a tace shi da na'ura ta musamman, ban da wanda ake zubarwa wajen tacewar. Yana buƙatar wutar da ba ta ɗaukewa, da injiniya a kusa, da horo na makonni, da mai iya huda jijiya. A halin da muke ciki wannan na 'yan ƙalilan ne masu hali. Ina kuma gargaɗin masu kuɗi: sayo inji a ajiye a gida a ɗauko ma'aikaci ta bayan fage, ba tare da kulawar likitan ƙoda da gwajin ruwa ba, kasada ce da rai.

Inda gizo ke saƙa

Matsalar gaskiya ita ce ruwan. Mai canji sau huɗu yana buƙatar lita takwas a rana, wato lita 240 ko leda 120 a wata. Abin da ke cikin ledar ruwa ne mai tsabta ƙwarai, da gishiri iri-iri, da gulukos. Amma da yake daga ƙasashen waje ake shigo da shi, sai an biya kuɗin jirgi a kan kaya mai nauyi, da canjin dala, da kuɗin fito. Ta haka hanyar da a ƙasashe da yawa ta fi inji araha ta koma mai tsada a wurinmu. Mafi muni kuma, kayan suna iya yankewa. Likita mai tsoron Allah ba zai sa wa mutum bututu ba alhali bai tabbata za a sami leda wata mai zuwa ba. Da yake ba a sa wa mutane, 'yan kasuwa ba sa shigo da ruwan. Da yake ba a shigo da shi, ba a sa wa mutane. Matasan likitoci da ma'aikatan jinya kuma su gama horo ba su ga an yi ba.

Wannan zagaye hukuma ce kaɗai za ta iya karya shi. Muna da kamfanonin da ke haɗa ruwan ƙarin ruwa na asibiti a cikin ƙasa. A tallafa musu su kai matsayin haɗa ruwan wanki mai inganci ƙarƙashin sa idon hukumar NAFDAC, gwamnati ta yi alƙawarin sayen adadi tsayayye. Kafin nan a cire haraji a kan wanda ake shigowa da shi. Rangwamen da aka yi wa inji a faɗaɗa shi zuwa leda, kuma hukumar inshorar lafiya ta ƙasa da na jihohi su sa shi cikin abin da suke biya. Kowane asibitin koyarwa ya ware ma'aikatan jinya na musamman da lambar wayar da ake ɗauka dare da rana. Jihohin da cutar ta fi addaba su fara da majinyata kaɗan, su ƙidaya sakamako da gaskiya, sannan su faɗaɗa. Sayen inji yana da daɗin ƙaddamarwa a gaban 'yan jarida, amma inji ɗaya mutane kaɗan yake ɗauka a mako, kuma yana nan inda aka kafa shi. Kwalin leda kuwa yana shiga motar kasuwa ya isa ƙauye.

A nan dole in ja kunne. Kada wani ya karanta wannan ya ce zai haɗa ruwa da kansa, ko ya sayi ruwan ƙarin ruwa a kemis ya zuba. Wannan hanya ce ta kai tsaye zuwa kabari.

Abin da za ka yi

In kai ne mai ciwon, ko wani naka, kada ka jira sai an kwashe ka ranga-ranga. Tun a mataki na huɗu ya kamata a fara wannan magana, domin wanda ya zo cikin gaggawa ba ya samun damar zaɓi. Ka tambayi likitan ƙoda: shin jikina ya dace da wankin tantani? Ana yin sa a nan, ko ina ne mafi kusa? Daga ina ruwan ke zuwa, nawa ne a wata, kuma ya taɓa yankewa? Wa zai horar da ni da mai taimaka mini? Wa zan kira in ruwa ya gurɓace da tsakar dare? In hanyar ta ƙi, akwai inji da zan koma? Ka kuma tambayi batun dashe, domin ga wanda ya dace da shi ya fi kowane irin wanki, kuma ana yin sa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano tun shekarar 2002. Batun azumi da tafiya aikin hajji ka shawarci likita da malaminka tun da wuri.

Mai yiwuwa amsar da za ka samu yau ita ce babu. Duk da haka ka tambaya. Matambayi ba ya ɓata, kuma yawan masu tambaya shi ke sa asibiti ya kai kuka ga hukuma. Kai kuma da Allah ya ba lafiya, ka auna jininka da suganka, ka yi gwajin fitsari ko sau ɗaya a shekara, ka rage gishiri, ka bar shan maganin kashe ciwo ba tare da izinin likita ba, domin ciwon ƙoda yana cin jiki shekaru kafin ya nuna kansa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da alheri. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.